Jirgin da Baba Matuƙi Ya Ƙera da Takardar Yabonsa

Ƙarfe bakwai saura kwata na kowace safiya, shekara talatin da ɗaya cur, Baba Matuƙi yake jingine kekensa a jikin tankin ruwa na bayan sashen yara na asibiti. Ba ya fara zuwa sa hannu a rajista kamar kowa. Kwandon shara na ofishin fayil yake fara nufa. Zai tsuguna, ya zaro takardun da aka yar jiya ɗaya bayan ɗaya, ya murza kowace tsakanin yatsu biyu, ya kai ta kusa da kunne ya ɗan kaɗa. Wadda ta yi masa ƙarar da yake so, ya zura ta a aljihun rigar aiki. Wadda ba ta yi ba, ya mayar da ita cikin ladabi. Sai bayan nan ya je ya sa hannu, a makare, ya kama aikin da aka ɗauke shi dominsa: tura yara ɗakin tiyata a gado mai taya, dawo da su, ɗauko tukunyar iskar numfashi, kai jini ɗakin gwaji.

Bai taɓa shiga jirgin sama ba. Ko ƙofar filin jirgi bai taɓa takawa ba. Yara ne suka laƙaba masa Matuƙi, sunan ya bi shi har ya danne na yanka, domin duk takardar da ta shiga hannun tsohon nan, cikin minti ɗaya ta yi hanci da fukafukai ta tashi sama.

Wanda yake son cikakkiyar shaida a kansa ya tambayi Babbar Sista, shugabar sashen, amma ya fara tabbatarwa ta sha maganin hawan jininta. Shekara goma sha tara tana fama da shi. Matsalar, in ji ta, Baba ba ya karanta takarda. Ba don bai iya ba, ya iya sarai. Shi dai nauyinta da ƙararta ne suka dame shi, abin da aka rubuta a kai kuwa ba ruwansa. Ta haka jadawalin aikin wata guda ya taɓa fita ta taga ya sauka a kan rufin ɗakin wanki. Ta rubuta masa takardar gargaɗi sau goma sha huɗu. Kowace ya karɓa da hannu biyu, ya murza, ya yi godiya har cikin zuciyarsa, saboda a kan takardar ofis mai kauri ake buga su. Babu ɗaya da ta kwana a ƙasa.

Mai shara ma tana da nata ƙorafin: ta ce da a ce jiragen da ta share kaji ne, da yanzu ita ce babbar mai kiwo a garin. Mai gyaran wuta ya rantse ya taɓa ciro arba'in da uku daga saman fanka ɗaya.

Amma mai gashin ƙashi, wadda aikinta shi ne tilasta wa yara motsa gaɓoɓin da suka fi so a bar musu, ita ta lura da abin da sauran ba su gani ba. Jiragen Baba ba iri ɗaya ba ne. Yaron da aka yi wa aikin ƙirji, ana so ya riƙa jan dogon numfashi, sai Baba ya ƙera masa ɗan mitsitsi marar nauyi ya ɗora a kan tebur, ya ce wannan ba ya tashi sai an hura. Yarinyar da aka gyara wa ƙafa ta ƙi takawa, sai ya yi mata dogo siriri mai zuwa har ƙarshen baranda, daga nan ya dafa ƙugu ya ce bayansa ya riƙe, ba zai iya ɗaukowa ba. Mai tsoron allura kuwa nasa mai kewaya ne, yana can yana binsa da ido a sama har nas ta gama. Babu wanda ya koya masa, babu wanda ya sa shi. Da mai gashin ƙashi ta faɗa wa Babbar Sista haka, sai Sista ta ce ta sani tun kafin a ɗauki ita mai gashin ƙashin aiki, kuma sanin bai taɓa rage mata ciwon kai ba.

Saura kwana ashirin Baba ya yi ritaya abin ya ɓaci. Shugaban asibiti ya zo zagaye da baƙi, yana tsaye tsakiyar ɗaki yana bayanin tsafta da tsari, sai wani jirgi ya taso daga gado na uku, ya yi kwana, ya sauka daidai tsakanin tabaransa da girarsa. Kafin azahar an kira Babbar Sista ofis. Kafin la'asar ta manna doka a bango da sa hannunta: babu ma'aikacin da zai ƙara ƙera ko jefa jirgin takarda a wannan sashe. Aka ɗauke kwandon ofishin fayil aka sa a ɗaki mai makulli.

Washegari aka kawo yarinyar gado na bakwai.

Shekarunta bakwai. Tafasasshen ruwa ne ya kwaro mata daga kafaɗar dama, ya bi hammata har haƙarƙari. An yi mata dashen fata, ya kama. Saura abu ɗaya, kuma likita ya faɗe shi a gaban uwarta ba tare da kwana-kwana ba: sabuwar fata tsukewa take yi. In yarinyar ba ta riƙa ɗaga hannun nan sama da kanta ba cikin mako uku, hammatar za ta haɗe, hannun ya manne da jiki, sai an sake shiga da ita an yanka. Ya rubuta ranar da zai dawo ya duba a jikin katin gadon.

Yarinyar ta ji, ta kuma yanke nata hukuncin. Ta manne gwiwar hannun a haƙarƙari kamar an ɗinke. Mai gashin ƙashi ta zo, ta tafi da shatin haƙora a yatsa. Aka rataya balan-balan a sama, ta kawar da kai. Babbar Sista ta gwada alawa, ta gwada lallashi, ta gwada muryar da take sa sababbin nas-nas kuka, duk a banza. Uwar kuma tana gefe tana roƙon a ƙyale mata 'ya ta huta, ai ta sha wuya.

Sista ta san maganin. Yana wucewa ta gabanta sau goma a rana yana tura gado. Ita ce kuma ta sa hannu a kan dokar da ta ɗaure shi. Abin da ya kwantar mata da hankali ɗaya ne: mutumin da ya karya gargaɗi goma sha huɗu ba zai tsaya a na goma sha biyar ba.

Sai ga shi, karo na farko a rayuwarsa, Baba Matuƙi ya bi doka.

Bai taɓa takarda ba. Abin da yake yi kawai, duk safiya zai tsayar da gadon turinsa a gado na bakwai, ya zaro takardar da babu ita daga aljihu, ya shimfiɗa ta a iska, ya ninka, ya goge ninkin da farce. Daga nan ya kama jirgin da babu shi da hannu biyu, ya ɗaga can sama da kansa, ya saki. Ya bi shi da ido har ƙofa, sannan ya rusuna ya ba wani da babu shi haƙuri a kan tabaransa. Rana ta uku yarinyar ta yi dariya. Rana ta huɗu ta ce masa tsoho mai ƙarya, ya kawo na gaske. Ya kira ta Kaftin, ya ce ai an hana, ya nuna bangon da haɓa. Tun daga ranar yarinyar ta daina amsa gaisuwar Babbar Sista.

Sista ta daure kwana shida. A na bakwai ta manta da farar takarda guda biyar a kan gadon turinsa, mantuwa irin ta ganganci. Bayan awa ɗaya ya ƙwanƙwasa ofishinta, ya ajiye mata su a tebur a miƙe sumul, ya ce ranki ya daɗe kin yi mantuwa. Washegari ta manta da goma. Ya dawo da goma.

Ta ritsa shi a ɗakin ajiya, tsakanin tukwanen iska, ta rufe ƙofa.

"Baba, shekara goma sha tara ina roƙonka ka bari, ka ƙi. Yau ina roƙonka ka yi, ka ƙi. Me na yi maka ne a duniya?"

"Ba ki yi mini komai ba, ranki ya daɗe. Takardarki ce ba ta da nauyi. In na yi mata da wannan, da tsintsiyar hannu za ta cilla shi, gwiwa na manne. Ko ma ta yi da hagu. In ta samu mai sauƙi, ba za ta ƙara neman mai wuya ba."

Ya yi mata bayani kamar mai karantar da ɗaliba. Jirgin da yarinyar take bukata babba ne, mai faɗin fukafukai, wanda hannu ɗaya ba ya iya riƙe shi daidai, wanda in an sake shi daga ƙasa zai kifa da hanci. Irin wannan sai takarda mai faɗi, mai kauri, mai karɓar ninki ba ta tsage ba. Sista ta ce to me ya hana shi faɗa tun farko. Ya ce ai ba a tambaye shi ba.

Daga nan Babbar Sista, mai nas goma sha biyu a ƙarƙashinta, ta koma farautar takarda. Ta ciro kalandar ofishinta, ya kaɗa a kunne ya ce santsi gare ta, ninki ba zai zauna ba. Ta kawo bangon fayil, ya ce zai tsage a ninki na uku. Ta kawo ambulan ɗin hoton ƙashi, ya ce wannan ta sha hannu ta yi laushi. Ta kawo takardar zane ta jikarta daga gida, ya daɗe yana murzawa har ta fara murna, sai ya ce da dai ta ƙara faɗin yatsa huɗu. Sista ta koma ofis ta auna jininta da kanta.

Kwanaki suna tafiya. Mai gashin ƙashi ta ce fatar ta fara ja. Abin da aka samu kawai, yarinyar ta fara kwaikwayon Baba a ɓoye in ta ga ba a kallonta, tana kai hannun daidai ƙirji ta tsaya tana cije leɓe.

A cikin wannan hali ne Sista take shirya walimar sallamarsa, don duk haushin da take ji ba za ta bar shi ya fita ta ƙofar baya ba. Ta sa aka buga masa takardar yabo babba, mai zanen ruwan zinare a gefe, da sunansa na gaskiya a tsakiya da manyan baƙaƙe. Babu ɗan aike, don haka shi ɗin ta tura ya karɓo daga wurin mai bugawa. Ya dawo rungume da ita a ƙirji, idonsa na ƙyalli. Da ta ce za a sa ta a gilashi, sai ya roƙe ta kada a sa, yana so ya riƙa taɓa ta da hannunsa. Zuciyar Sista ta karye. Ta ce a ranta, ashe tsohon nan ma akwai takardar da yake girmamawa. Mace mai shekara goma sha tara da saninsa, ta kasa gane abin da babban yatsansa yake yi a gefen takardar.

Ranar walima ta faɗo saura kwana biyu likita ya dawo. Baba ya nace a yi a cikin ɗakin yara, ba a zauren taro ba. Aka jera kujeru tsakanin gadaje. Shugaban asibiti ya zo, sabon tabarau a fuska, ya miƙa masa takardar, aka ɗauki hoto, ya juya ga jama'a ya shiga jawabi a kan sadaukarwa.

Sista ce ta fara jin ƙarar, ƙarar da za ta gane ko a cikin barci: farce yana bin ninki. Ta waiwaya. Baba ya shimfiɗa takardar yabonsa a kan gadon turi, ya riga ya raba ta biyu a tsaye, yana karyo kusurwoyin sama zuwa tsakiya. Ta buɗe baki. Ta dubi dokar da ke bango, ta dubi shugaba, ta dubi gado na bakwai, inda yarinyar ta miƙe zaune karo na farko ba tare da an ce ta tashi ba. Sista ta rufe bakinta, ta matsa taku biyu ta tsaya ta kare shi da faɗin jikinta.

Ya ninka hancin sau uku don ya yi nauyi. Ya kwantar da fukafukai masu faɗin tafi biyu, ya ɗan tada gefunansu. Zanen zinaren ya koma bakin fiffike, sunansa ya shige can cikin ciki. Ya zagaya Sista, ya ajiye jirgin a cinyar yarinyar. A nan jawabin shugaba ya mutu a tsakiyar jimla.

Yarinyar ta fizgi jirgin da hagu ta wurga. Ya karkace ya daki ƙafar gado. Baba ya ɗauko, ya gyara hancin, ya ce wannan na hannu biyu ne. Ta kama da biyu, ta kai daidai kafaɗa, ta saki. Ya kifa a kan bargonta.

"Kaftin," in ji Baba, yana duba hancin kamar likita, "faɗuwa uku kawai hancin nan yake ɗauka. Saura ɗaya. Ni kuma ba ni da wata takardar, kuma daga yau ba na aiki a nan."

Uwar ta yunƙura za ta hana, Sista ta dafa kafaɗarta. Yarinyar ta kama jirgin. Hannun ya kai ƙirji. Ya kai kafaɗa, inda ya tsaya ɗazu. Hawaye suka ɓalle mata, ta ce masa mugun tsoho, Allah ya isa, amma hannun bai sauka ba. Ya wuce kunne. Ya wuce kai. Ta ƙwalla ƙara ta saki.

Jirgin bai yi sauri ba. Ya tafi a hankali kamar mai taƙama, ya bi ta ƙarƙashin fanka, ya wuce gadaje shida, ya wuce kan shugaba da tazarar da ta sa shi dafe tabarau, ya sauka lafiya a bakin ƙofa. Sai muryar yarinyar, cikin shessheƙa, tana cewa a ɗauko mata.

Ranar ta jefa shi sau talatin da wani abu. Maganar faɗuwa uku ashe ƙarya ce tsagwaronta. Da hancin ya fara laushi, Babbar Sista da kanta ta naɗe shi da filasta. Likita ya zo ranar da ya rubuta, ya ɗaga hannun, ya duba hammatar, ya ɗage aikin mako biyu. Da mako biyun suka cika ya soke sunanta daga jerin tiyata. Shugaba kuwa ya nemi a rubuta gargaɗi na goma sha biyar, Sista ta tuna masa cewa mutumin ya riga ya yi ritaya, kuma ko an rubuta an san inda takardar za ta ƙare.

Baba Matuƙi, kai ne ka makara sau dubu saboda kwandon shara. Kai ne ka tsufar da Babbar Sista kafin lokacinta, ka cika fanka da tarkace, ka sa mai shara ciwon baya. Kai ne ka bar mace mai daraja tana yawo da kalanda a hammata kwana da kwanaki, alhali ka riga ka san takardar da kake jira. Aka ba ka abu ɗaya tak da zai nuna wa jikokinka cewa ka yi shekara talatin da ɗaya a wurin nan, bai yi minti biyar a hannunka ba. Ba a taɓa sa sunanka a katin gadon kowa ba, amma akwai manyan mutane yau da suke tafiya a miƙe, suke jan numfashi har ƙasan huhu, ba su ma san cewa wani tsoho ne ya yi musu ƙaryar ciwon baya ba. Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar yatsun nan, ya kuma ba waɗanda za su zauna da kai a gida haƙuri, su ɓoye takardun makarantar yara.

Ku kuma da kuke aiki a inda ba a kallonku, masu turi da masu shara da masu ɗauko wannan kai wancan, ba a ce ku karya doka ba, kada wani ya kai ƙarar marubuci wurin Sista. Ku dai dubi wanda ke gabanku da kyau, har ku gane wane irin jirgi ne nasa, ku yi masa shi ko da babu wanda ya sa ku.

Dokar tana nan a bango har yau. Baba ma yana nan: duk Laraba da yamma yake zuwa lokacin dubiya, aljihu a cike. Da Sista ta tare shi a ƙofa ta nuna masa bangon, sai ya sa tabarau, ya karanta takarda a gabanta karo na farko, ya nuna mata da yatsa cewa ma'aikaci aka rubuta, shi kuwa yanzu mai dubiya ne.

Jirgin kuma yarinyar ta bar wa sashen ranar da aka sallame ta, ta miƙa wa Sista shi da hannun dama, daga sama. Yana cikin durowar ofis, ana fito da shi duk lokacin da aka kawo mai irin ciwonta. Wata sabuwar nas ta taɓa tambaya mene ne ainihin sunan tsohon nan. Sista ta ce yana rubuce a cikin jirgin, da ruwan zinare, sai an warware ninkin za a gani. Nas ɗin ta kai hannu. Sista ta buge hannun, ta mayar da jirgin durowa, ta murza makulli.